Darasi na Talatin da Biyar

Litinin, 9 ga Mayu, 2022, bayan la'asar

Littafin tsara darasi ne wannan, makaranta ta raba mana. Tunda yanzu darussan a tsare suke zuwa daga Rano, bari in sa shi wani aikin. Akwai maganganun da ba ni da wanda zan faɗa wa. Inna, mahaifiyar mijina Malam, ta tsufa, 'yata Afra'u kuwa shekararta biyar.

Yau aka koma makaranta bayan hutun salla, kuma sabon tsarin da ake ta zancensa tun bayan kullen korona ya kankama. Litinin zuwa Laraba yara suna aji, Alhamis da Juma'a suna gida suna bin darasi ta waya. Makarantarmu ta nan Kibiya tana cikin goma sha biyun da aka zaɓa a gwada abin. An kafa mana sola, an rataya babbar talabijin a aji ɗaya, ni da nake koyar da kimiyya aka miƙa wa mukullin. Ni ke kunnawa, ni ke kashewa.

Ina kunnawa sai ga mijina ya fito, alli a hannu, hula a karkace. 'Yan aji biyu suka fashe da dariya, wata ta ce, "Malama, ki gyara masa hular mana." Ni ma na dara. Tun watan Janairu aka ɗauki wannan darasin. Na tsaya ina kallon yadda wuyansa ya cika wuyan rigar a lokacin.

Da na dawo gida na tarar da shi kwance a rumfa. Cokali huɗu na kunu ya sha.

Alhamis, 12 ga Mayu, da hantsi

Ya tafi Rano. Wansa, Yaya Gwadabe, ne ya goya shi a babur, don yanzu ba ya iya tuƙawa da kansa.

Bari in rubuta yadda abin ya faro. Cikin malaman lissafin shiyyar nan kaf, shi aka zaɓa ya yi darussa arba'in a gaban kyamara, a raba wa makarantun goma sha biyu. Sun ce yana warware lissafi da Hausa yadda ko mai tuyar ƙosai za ta gane. Ranar da takardar ta zo sau biyu ya karanta mini ita. Shekara goma sha tara yana koyarwa, ba a taɓa kiransa ofis ba sai in za a yi masa faɗan rajista. Ya yi ashirin da tara, saura goma sha ɗaya. Talata da Alhamis yake zuwa.

Shi ne ya tsaya kai da fata sai an zuba darussan a memori an raba wa yara, kada a ce sai mai data. Ya ce wa masu tsarin su je bayan Unguwar Gai su nemo sabis, in sun samu ya yi shiru.

Alhamis, bayan magariba

Ya yi darasi biyu. Ni na cire masa takalmi.

Litinin, 16 ga Mayu, bayan azahar

Na tambayi 'yan aji biyu wa ya bi darasin gida. Cikin hamsin da takwas, goma sha huɗu ne suka ɗaga hannu, kuma na san uku daga ciki ƙarya suke. Ruwa ya sauka, kowa yana gona. Uban da ya ga ɗansa a gida ranar Alhamis, ba waya zai miƙa masa ba, fartanya ce. Waɗanda suka zauna a ofis suka tsara kwana biyu a gida, ban sani ba ko sun taɓa ganin watan shuka.

Akwai wata yarinya, Dije, 'yar Malam Hammadu, daga rugar da ke bayan Unguwar Gai. Ita ce ta ɗaya a lissafi tun aji ɗaya. Ba ta ɗaga hannu ba. Da aka tashi ta tsaya ta ce mini waya ɗaya ce a gidansu, kuma Baffanta yana tafiya da ita kiwo. Memorin tana ɗaure a gefen mayafinta, ba ta taɓa jin abin da ke ciki ba.

Na ba Malam labari don in ga ko zai ɗan saki fuska. Sai ya ce in buɗe akwatinsa in ɗauko tsohuwar wayarsa mai madannai in kai mata gobe. Ya ce, "Hoton ƙarami ne, amma idonta ya fi nawa."

Can ya ce, "Kin san abin da ke damuna da kyamarar nan, Ramlatu? Ba ta yamutsa fuska in ba ta gane ba. A aji ina duba ido in san inda zan koma baya. Can kuwa bango nake wa magana, ina fatan akwai yaro a bayansa."

Rabin kofin shayi. Burodin bai taɓa ba.

Talata, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Ɗaya kawai ya iya yi. Malam Ishiyaku, jami'in da ke kula da ɗaukar darussan, ya sa an kawo masa kujera. Malam ya ce bai taɓa koyar da lissafi a zaune ba, amma ya zauna.

Asabar, 21 ga Mayu, bayan magariba

Mun dawo daga Kano. Kwana biyu ana gwaje-gwaje. A ƙarshe likitan ya ce Malam ya ɗan jira a benci, ya shigar da ni da Yaya Gwadabe ya rufe ƙofa. Ya yi magana a hankali, yana juya biro a hannunsa. Takardar tana ƙasan akwatina. Ba zan rubuta sunan abin a nan ba.

A mota muka taho har muka wuce Bunkure. Nan Malam ya juyo ya ce wa wansa, "Wata nawa ya ce?"

Yaya Gwadabe ya ce, "Likita ba Allah ba ne, Ubaidu."

Malam ya ce, "Haka ne. Amma ya iya lissafi."

Mun ce wa Inna gyambon ciki ne. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce Allah ya sawwaƙe.

Lahadi, 22 ga Mayu

An yi ruwa. Bai ci komai ba.

Talata, 24 ga Mayu, bayan la'asar

Yaya Gwadabe ya ƙi kai shi. Ya tsaya a tsakar gida ya ce da hannunsa ba zai ƙara ɗora ƙaninsa a babur a kan hanyar nan ba, gwamnati ta nemo wani. Malam bai yi musu ba. Ya bari sai da Yayan ya fita, ya kira ɗan acaba a waya.

Na ce, "Malam, akwai malaman lissafi a Rano, akwai a Rurum. Ba kai kaɗai aka haifa da alli ba."

Ya ce, "Saura takwas."

Na ce, "Mu fa? Ni da Afra'u da Inna, mu nawa muka saura a lissafin naka?"

Yana ɗaura agogo, agogon yana zamewa har gwiwar hannu. Sai da ya kai bakin zaure ya ce, "Duk shekara yara sittin nake samu. Wannan kuwa, ko ba na..." Bai ƙarasa ba, ni ma ban so ya ƙarasa ba.

Alhamis, 26 ga Mayu, bayan magariba

Na talatin da huɗu. Ya dawo yana murmushi, ya ce wannan ya fi duk sauran yi masa daɗi. Ya sha fura rabin ludayi, ya goya Afra'u daga rumfa zuwa bakin ɗaki, taku shida. Na ƙirga.

Talata, 31 ga Mayu, ƙarfe goma, a makaranta

Da safe ya yi amai sau biyu, na ga abin da ke cikin kwanon, na zubar kafin Inna ta fito. Duk da haka ya ce in miƙo masa shuɗiyar rigarsa.

Na ɓoye takalminsa a bayan randa. Ya sa silifas ɗin alwala.

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na ce, "To je ka. In ka dawo talabijin ɗin ta yi jinyarka." Na ɗauki jakata na fita na bar shi tsaye. Shekara tara da aurenmu, bai taɓa fita ban ce masa a dawo lafiya ba.

Yanzu ina zaune a bayan aji, yana gaba yana koya musu auna girman fili, da muryarsa ta watan Maris.

Talata, bayan la'asar

Muna asibiti a Rano. Malam Ishiyaku ne ya kira ni.

Laraba, 1 ga Yuni, bayan azahar

An yi masa ƙarin jini leda biyu, Yaya Gwadabe ya ba da ɗaya. Da hantsi ya buɗe ido. Abin da ya fara tambayata shi ne ko na kashe talabijin ɗin kafin in taho, kada batirin solar ya mutu. Na ce na kashe. Ban kashe ba, a guje na fita.

Ɗakin cike yake da 'yan dubiya, malamai da iyayen yara. Ina son in yi masa magana, ba hali.

Ban ce masa a dawo lafiya ba.

Alhamis, 2 ga Yuni, bayan la'asar

Da maza suka fita salla muka zama mu biyu. Na durƙusa a gefen gadon na ce, "Malam, ka yafe mini maganar shekaranjiya."

Ya ce, "Wace magana?"

Na dube shi. Ban gane ba ko da gaske ya manta, ko raga mini yake yi. Ya ɗora hannunsa a kaina, hannun ba nauyi. Ya ce, "Takalmina fa, ina kika kai su?" Na ce bayan randa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, nas ta leƙo ta harare ni.

Ya ce in kawo masa Afra'u gobe.

Juma'a, 3 ga Yuni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan an sauko daga masallaci aka kai shi.

Talata, 7 ga Yuni, da hantsi

Mutane, mutane. Kowa ya ce haƙuri, in ce haƙuri sai ma'aiki. Da safen Juma'ar nan na yi wa Afra'u wanka na sa mata kayan salla, muna bakin titi muna jiran babur wayar ta shigo.

Juma'a, 10 ga Yuni, bayan la'asar

An yi addu'ar bakwai. Tun makon jiya na aika wa abokiyar aikina Malama Jumai da mukullin ajin, ita za ta riƙa kunnawa har in fita takaba. Ta ce ranar Litinin da ya fito a talabijin ba yaron da ya yi motsi. Da ya yi tambaya irin wadda yakan yi ya dakata, ajin duka suka amsa masa a tare, wasu suna kuka.

Na ɗauko takalman daga bayan randa. Danshi ya fara cin ɗaya.

Alhamis, 16 ga Yuni, da hantsi

Ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji sallamarsa. Rariyar ta faɗi daga hannuna. Daga bayan katanga ne, gidan maƙwabta, ɗansu Jabiru ɗan aji biyu ne, yau kuma Alhamis, ranar darasin gida. Na manta.

Kafin in miƙe Afra'u ta fita a guje ba takalmi. Ba ta daɗe ba ta dawo tana tafiya a hankali. Ta ce, "Umma, Abba yana cikin wayar su Jabiru. Na yi masa magana ya ƙi kula ni, lissafi kawai yake yi."

Na ɗauke ta na shiga ɗaki. Ban san me na ce mata ba.

Matar gidan ta shigo tana ba da haƙuri, ta ce za ta sa yaron ya riƙa tafiya can gindin ɗorawa da wayar. Ina shirin in ce to, sai Inna ta ɗago daga kan tabarma ta ce, "A bar yaro ya yi karatunsa inda yake."

Juma'a, 17 ga Yuni, da hantsi

Inna ta ja tabarmarta jikin katangar. Ba ta san ko ɗaya da ɗaya a boko ba. Tana jan carbi har darasin ya ƙare.

Litinin, 20 ga Yuni, bayan la'asar

Malam Ishiyaku ya zo tare da Yaya Gwadabe. Suka zauna a zaure, ni ina daga ciki a bakin ƙofa. Ya ce ofis yana son jin ta bakin iyali. Wasu iyaye sun ce bai dace wanda ya kwanta dama ya ci gaba da fitowa yana magana a gaban yara ba, wasu sun ce kada a kuskura a taɓa. In mun ce a cire, za a cire, a sa wani malami daga Rurum ya sake su daga farko. In mun ce a bari, shidan da suka rage kawai zai yi, a zango mai zuwa.

Yaya Gwadabe ya ce, "A cire. Su suka ƙarasa mini ƙani. Sau nawa na ce muku ba shi da lafiya?"

Malam Ishiyaku ya ce, "Wallahi, Alhaji, sau uku ina cewa ya huta. Ya ce in na rufe ɗakin zai ɗauka da wayarsa a gindin bishiya."

Ni ma a zuciyata na tsani talabijin ɗin nan, na tsani takardar da ta zo, na tsani hanyar Rano. Amma na tuna da wadda take jan tabarma. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Da ƙafarsa ya je, da silifas. In aka cire, tafiyar ta tashi a banza."

Na ji Yaya Gwadabe yana fyace hanci.

Da za su tafi Malam Ishiyaku ya ajiye wata 'yar ambulan da memori a ciki a bakin ƙofar. Ya ce, "Malama, na talatin da biyar ne, na ranar Talatar nan. Minti tara ne. Ban sa a na yara ba, ban kuma iya gogewa ba. Ba wanda ya gani sai ni. In za ki kalla, ki tsayar kafin ƙarshe."

Laraba, 22 ga Yuni

Tana cikin akwati, kan takardar likita.

Lahadi, 26 ga Yuni, bayan azahar

Na ɗauko, na mayar. Gero ya kai gwiwa, in ji masu shigowa.

Alhamis, 30 ga Yuni, bayan la'asar

Dije ta zo da hantsi. A ƙafa ta taho, da ƙwaryar nono a ka, faifai a rufe. Ta ce innarta ce ta aiko ta gaisuwa, ba su samu zuwa ba saboda sun kai shanu nesa da gonaki. Ta gaida Inna, ta gaishe ni, ta zauna a gefen tabarma tana murza bakin mayafi. Na san akwai magana.

Can ta ciro wata takarda a ninke. Ta ce ta riga 'yan ajinsu, a wajen kiwo take sauraro, da aka ƙara musu sababbin darussan a memori ta kai na talatin da huɗu. A ciki Malam ya ce kowa ya samo abu mai da'ira, ya auna kewayensa da zare, ya auna faɗinsa, ya raba na farko da na biyu. Ya ce komai girman abin, amsa ɗaya za a samu, kuma a darasi na gaba zai faɗi sunanta da amfaninta.

Ta miƙo mini takardar. Ta auna faifai, ta auna bakin ƙwarya, ta auna tayar keken Baffanta, har da murfin tukunya. A gaban kowanne ta rubuta uku da 'yar ɗoriya.

Ta ce, "Malama, na duba memorin har ƙarshe, babu na gaba. Na san dalili. Amma abin ya hana ni sakat. Me ya sa kullum uku da 'yar ɗoriya?"

Ina iya gaya mata da bakina, abu ne da na sani tun ina aji biyu ni ma. Na daɗe a zaune. Sannan na aika Afra'u gidan maƙwabta, na shiga ɗaki na buɗe akwatin.

A wayar da Malam ya ba ta muka sa. Inna ta matso.

Yana zaune a kujera da shuɗiyar rigar. Ban san ya rame haka ba, ni da nake ganinsa kullum. Ya yi sallama, ya ce, "'Yan aji biyu, na san kun auna. Wanda bai auna ba ya tsayar da wayar ya je ya auna, ina nan ina jiransa." Ya dakata kamar da gaske. Sannan ya ce, "Uku da 'yar ɗoriya, ko? Mutanen da suka rayu dubban shekaru kafin kakanninmu, su ma da suka auna abin da suka samu ke nan. Haka Allah ya yi da'ira, babba da ƙarama." Ya miƙe da ƙyar ya rubuta ashirin da biyu bisa bakwai a allo, ya faɗi sunanta. Dije tana rubutawa, leɓenta yana motsi.

Ya ce, "Yanzu ga amfaninta. A ce kana son sanin tsawon igiyar da za ta kewaye bakin rijiya, ba tare da ka zagaya ba. Sai ka auna faɗin bakin, sannan ka..." Ya dafa tebur. Ya dubi gefe ya ce, "Malam Ishiyaku, a ɗan ba ni ruwa."

Na danna na tsayar. Minti bakwai ya nuna. Sauran biyun ba nawa ba ne, ba na kowa ba ne.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Dije ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan takardar, tana kare rubutun da tafin hannu kada ya jiƙe. Da ta share ido ta ce a hankali, "Bai ƙarasa na rijiyar ba."

Na ce, "Juya takardar."

Rabona da koyar da wani abu wata guda ke nan. Na ce ta ɗauki faɗin ta ninka da abin da ya rubuta a allo. Ta ce bakin rijiyarsu ta taɓa aunawa, ta faɗi adadin. Ta yi lissafin a gwiwarta, ta yi kuskure a wajen rabawa, na ga ta yamutsa fuska, na komar da ita baya. A karo na biyu ta samu.

Ta dubi amsar ta daɗe. Ta ce gobe da safe za ta zagaya rijiyar da igiyar ɗaure maraƙi ta gani.

Na ce in ya yi daidai ta zo ta gaya mini.

Ta ce, "In bai yi daidai ba fa, Malama?"

Na ce, "Shi ma ki zo."